Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Legas Kan Naɗin Mambobin Hukumar Fasaha da Al'adu

Mai Girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Masu wannan takarda makaɗa ne da marubuta da dukawa da masu shirya wasan kwaikwayo, Hausawa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende. Roƙonmu shi ne, kafin wa'adinka ya cika a watan Mayun 2027, ka aika wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudurin da zai fayyace waɗanda za su riƙa zama a kwamitin gudanarwa na Hukumar Fasaha da Al'adu ta jiha, da hanyar zaɓo su, da tsawon zamansu.

Ciwon irin waɗannan kwamitoci a ƙasar nan sananne ne. Ana cika kujerunsu da waɗanda suka yi wahalar kamfen, a matsayin sakayya, sabuwar gwamnati kuma tana hawa sai ta rushe su da sanarwa ɗaya, kamar yadda gwamnatin tarayya ta yi wa kwamitocin hukumominta a watan Yunin 2023. Wanda ya san yau ko gobe za a iya sallamarsa ba ya musu da kwamishina; ɗan amshin shata yake zama. Aikin al'adu kuwa ba ya son gaggawa. Ƙungiyar rawar da za ta wakilci jiha a bikin fasaha da al'adu na ƙasa, wato NAFEST, wanda Legas ta karɓi baƙuncinsa a 2022, watanni take yi tana atisaye, kuma gidajen wasan da aka gina a Epe, Badagry da Igando suna buƙatar jadawalin shekara guda tun kafin shekarar ta kama.

Don haka a fara da wa'adi. Kowane mamba ya yi shekara 4, kada ya wuce zango biyu, amma kada kowa da kowa ya sauka rana ɗaya. A rukunin farko a jefa ƙuri'a: shida su yi shekara 2, bakwai su yi 4, daga nan duk bayan shekara biyu a sabunta rabi, a shekarun da ba na zaɓe ba, irin 2028 da 2030. Ta haka kullum akwai wanda ya san inda fayil ya kwana. Dokar ta kuma lissafa dalilan cire mamba: fashin zama uku a jere ba uzuri, hukuncin kotu, ko ɓoye cewa yana da hannu a kwangila ko tallafin da ake tattaunawa a kai.

Kujeru 13 sun isa. Ɗaya ta shugaba, wanda majalisa za ta tantance. Biyar na yankunan jihar na asali, wato Ikeja, Badagry, Ikorodu, Tsibirin Legas da Epe, domin mai gangar Sato na Egun a Badagry da mai shirya bikin Kayo-Kayo a Epe ba matsala ɗaya suke fama da ita ba, kuma ba safai muryarsu ke isa Alausa, hedikwatar gwamnatin jiha, ba. Biyar na sana'o'i: kiɗa da rawa, wasan kwaikwayo da fim, zane da sana'ar hannu, adabi, sai bukukuwan gargajiya. Ɗaya ta masu buƙata ta musamman. Aƙalla huɗu daga cikin duka su zama mata. Babban sakataren ma'aikatar al'adu ya halarci zama ya ba da bayani, ban da jefa ƙuri'a.

Ta goma sha ukun ce tamu da sauran al'ummomin da suka zo daga wasu jihohi suka zauna, a riƙa karɓa-karɓa. Ba alfarma muke nema ba. Sashe na 14(4) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce hukumomin jiha su yi la'akari da bambancin mutanen da ke zaune a yankinsu. Kalangun da ake kaɗa wa mahauta a Oko-Oba da damben da ake yi a unguwanninmu a Legas ake yin su, kuɗin Legas kuma suke juyawa. Sai dai a kiyaye abu ɗaya: a nemi shawarar sarakunan Hausawa, muna girmama su, amma kada a ce suna ɗaya za su miƙa shi ke nan. Hakan ɗauki-ɗora ne da aka sauya masa riga.

Wajen zaɓe, a tallata kowace kujera na tsawon kwana 30, a rediyo da jarida da intanet, cikin Turanci, Yarbanci, Egun, Hausa, Igbo da Turancin Buroka. Kwamitin tantancewa mai mutum biyar, wanda ba ɗan takara a cikinsa, ya fitar da suna uku a kowace kujera, a wallafa su mako biyu don jin ƙorafi, sannan Gwamna ya zaɓi ɗaya cikin kwana 60. Ikon naɗi na nan a hannunka.

Wurare biyu ne irin wannan tsari ya saba tuntuɓe. Na farko ƙungiyoyin sana'a. NANTAP ta masu wasan kwaikwayo, SNA ta masu zane, ANA ta marubuta da PMAN ta mawaƙa sun cancanci su gabatar da sunaye, amma ƙungiya kan dare gida biyu, kowane ɓangare ya aiko da nasa jerin da hatiminsa. Maganin shi ne a karɓi suna daga ƙungiyar da ke da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma ta nuna takardar zaɓen shugabanninta na baya-bayan nan. In rikicin yana kotu, mambobinta su nemi kujerar ɗaiɗai. Na biyu shi ne sharaɗin digiri. Da zarar an rubuta shi, an kori mai gangar bata ta Yarbawa da mai gurmi da marina adire, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A maye gurbinsa da shekara 10 cikin sana'a, da shaidar abokan sana'a uku, da katin LASRRA na zaman jihar. Wanda ba ya jin Turanci a ba shi tafinta a zama. Kuɗin tafinta bai kai na shayin taro ba.

Muna roƙon a kira zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudurin a kowane yanki cikin biyar ɗin, a kuma sa na Ikeja a Agege, a ranar da ba Juma'a ba.

Allah Ya taimaki Gwamna.

Daga wasu masu fasaha Hausawa mazauna Legas.