Amsa ga Honarabul: Lai Ching-te, daga birnin Tainan zuwa fadar shugaban Taiwan

Assalamu alaikum, Honarabul.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. A shirin rediyo na makon jiya ka bugo waya ka jefo mini tambaya ana dab da rufe layi. Tun da a bainar jama'a ka yi ta, bari in amsa a bainar jama'a. Ka ce kullum ina yabon Taiwan cewa shugabanninta daga mulkin gari suke tasowa. To shugabansu na yanzu, Lai Ching-te, da ake cewa ya yi wa birnin Tainan aiki, me ya sa da ya nemi ƙasa baki ɗaya kashi 40 cikin ɗari kawai ya samu, kuma me ya sa majalisa ta hana shi sakat? Ka ƙara da cewa kai da ka yi kansila ka san kwalbati da rijiya ba su ne mulkin ƙasa ba.

Ranka ya daɗe, maganarka ta ƙarshe na yarda da ita, har ma zan ƙara maka hujja. Amma batun kashi 40 ba zan bi ka ba, kuma shi ne mai sauƙi, don haka da shi zan fara.

Zaɓen 13 ga Janairun 2024 mutum uku ne suka fafata, kuma a Taiwan babu zagaye na biyu, wanda ya fi ƙuri'a shi ne ya ci. Lai na jam'iyyar DPP mai mulki ya samu kashi 40, Hou Yu-ih na babbar jam'iyyar adawa KMT kashi 33 da ɗoriya, Ko Wen-je na ƙaramar jam'iyyar TPP kashi 26 da ɗoriya. Dubi su wane ne abokan karawar. Hou a lokacin magajin garin New Taipei ne, birnin da ya fi kowanne yawan jama'a a tsibirin. Ko ya yi shekara takwas yana magajin garin Taipei, daga 2014 zuwa 2022. Ke nan duk wanda ya ci a cikinsu, ɗan mulkin gari ne. Haka Chen Shui-bian ya ci a 2000 da kashi 39, shi ma tsohon magajin garin Taipei. Ma Ying-jeou da ya gaje shi a 2008, kujerar magajin garin Taipei ɗin ya bari a 2006. Tsai Ing-wen, shugabar da Lai ya gada, ita ce kaɗai ta kauce wa hanyar a cikin waɗanda jama'a suka zaɓa, ita ma ta nemi New Taipei a 2010 ta faɗi. Kuma kada ka manta jam'iyyar Lai ta riga ta yi shekara takwas a kan mulki, mutane sun ƙosa da tsadar gidaje da albashin da ba ya motsi. Tun da aka fara zaɓen shugaba kai tsaye a 1996, babu jam'iyyar da ta taɓa cin wa'adi uku a jere sai wannan karon.

Yanzu mu koma kan mutumin.

An haife shi a 1959 a Wanli, ƙauyen masu haƙar kwal a gaɓar arewa. Yana jariri mahaifinsa ya rasu a ramin haƙa, mahaifiyarsa ita kaɗai ta raini 'ya'ya shida. Ya yi karatu a Jami'ar Taiwan da ke Taipei, ya sauka kudu zuwa Jami'ar Cheng Kung da ke Tainan ya zama likita, ya ƙware a cutar ƙoda. Lura da wannan: shi ba ɗan asalin Tainan ba ne, karatu da asibiti suka kai shi. A 1996, shekarar da ƙasar Sin ta riƙa harba makamai masu linzami cikin teku kusa da tsibirin don tsorata masu zaɓe, ya ajiye aikin asibiti ya tsaya takara. Daga 1999 zuwa 2010 yana majalisar dokoki ta ƙasa yana wakiltar Tainan, sau huɗu ana zaɓensa. Wato ya san majalisar ƙasa ciki da waje kafin ya taɓa riƙe gari. Wannan kaɗai ya isa ya gyara hoton da ka zana na ɗan kwalbati da ya faɗo babban birni bai san hanya ba.

A Disambar 2010 aka haɗe birnin Tainan da gundumar ƙauyukan da ke kewaye da shi suka zama hukuma ɗaya, gundumomi 37, mutane kusan miliyan 1.9. Lai ne magajin gari na farko, da kashi 60 na ƙuri'u. A nan sai in ja hankalinka, Honarabul, kada kalmar magajin gari ta sa ka auna shi da ciyaman. Yana da kasafinsa, makarantu da tituna da kashe gobara da kiwon lafiyar gari duk a ƙarƙashinsa suke, shi yake naɗa shugabannin gundumomi, babu kuma wani gwamna a samansa.

Abin da ya fara yi ya shafe ku kai tsaye, ku kansiloli. Akwai al'adar ware wa kowane kansila wani kaso na kuɗin ƙananan ayyuka, shi zai nuna inda za a yi, sau da yawa kuma kowa ya san ɗan kwangilar da zai samu. Lai ya soke wannan kaso. Kansilolin jam'iyyarsa ma ba su ji daɗi ba. Jama'ar gari kuwa suka yi masa tafi, a 2014 suka mayar da shi da kusan kashi 73, adadin da ba kasafai ake gani a babban birni a can ba.

Sai rigimar da nake son ka duba da kyau, don a cikinta amsarka take. Bayan zaɓen 2014, DPP ce ta fi yawan kujeru a majalisar birnin, amma da aka kaɗa ƙuri'ar sirri ta zaɓen shugaban majalisa sai Lee Chuan-chiao na KMT ya ci. Ba sai na yi maka bayanin yadda ake irin wannan ba. Masu gabatar da ƙara suka tuhume shi da sayen ƙuri'a. Lai ya ce shi ba zai sake taka zauren majalisar ba har sai shari'a ta yi aikinta. Ya kuwa cika. Sama da kwana 200 magajin gari bai je ya amsa tambayoyin kansiloli ba, alhali doka ta wajabta masa. A Agustan 2015 hukumar da ke sa ido kan ma'aikatan gwamnati ta same shi da laifin ƙin yin aikinsa. A wannan daminar ce zazzaɓin dengi ya ɓarke a Tainan, sama da mutum dubu 20 suka kamu, sama da 100 suka rasu, aka yi ta sukarsa cewa yana can yana taurin kai sauro na cin gari. A ƙarshen Agusta ya koma zauren. A 2016 kotu ta raba Lee da kujerarsa, a shekarar kuma aka gyara doka aka mayar da zaɓen shugabannin majalisun garuruwa a bayyane, kowane kansila da sunansa a kan ƙuri'arsa.

To ka ga, a kan zargin gaskiya ce da shi. Amma me ya koya daga wannan? A ganina ya koyi cewa in majalisa ta tsaya masa, zai iya juya mata baya ya fuskanci jama'a, jama'a kuma su ba shi gaskiya. A Tainan haka ne. Gari ne da DPP ta daɗe tana ci ba hamayya mai ƙarfi, mai kashi 73 kuma ba ya buƙatar lallashin kowa. Shekara kusan bakwai ya yi a kujerar da ta gwada amanarsa da juriyarsa, ba ta taɓa tilasta masa zama da abokin adawa ya ba da wani abu don ya karɓi wani ba.

Juriyar kuwa an gan ta. Asubahin 6 ga Fabrairun 2016, ana shirin bikin sabuwar shekararsu, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.4 ta kayar da wani dogon benen zama a unguwar Yongkang, mutum 115 suka mutu a ginin kaɗai. Mako guda ana tono, kusan kullum yana wurin, shi yake fitowa ya faɗa wa dangi da 'yan jarida halin da ake ciki. Daga nan sunansa ya cika ƙasa. Wanda ya gina benen an ɗaure shi shekara biyar, hukuncin da ni kam nake gani bai kai girman abin ba.

A Satumbar 2017 Shugaba Tsai ta ɗauko shi ta naɗa firaminista, bai ƙarasa wa'adinsa na biyu ba. Nan take bambancin kujerun ya nuna. A watan farko ya tsaya gaban majalisa ya ce shi ma'aikaci ne mai fafutukar 'yancin kan Taiwan. A Tainan magana ce da ake yi a taro a yi tafi a watse. Daga bakin firaminista kuwa, Beijing, da ke cewa Taiwan yankinta ne, ta rubuta ta ajiye, har yau da ita take kiransa ɗan aware. Wata biyu bayan nan ya gaya wa masu kula da tsofaffi, da albashinsu bai taka kara ya karya ba, su ɗauki aikin a matsayin neman lada, matasa suka yi masa ca. Gyaran dokar ƙwadago da ya tura a farkon 2018 ya ɓata shi da ƙungiyoyin ma'aikata. Ga kuma matsalolin da babu magajin garin da ya taɓa saninsu: a Mayun 2018 Burkina Faso ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wajen Sin, Eswatini kaɗai ta rage mata a Afirka. Mu ma a farkon 2017 gwamnatinmu ta ce ofishin kasuwancinsu ya tashi daga Abuja ya koma Legas. A Nuwambar 2018 DPP ta sha kaye a zaɓen garuruwa, har birnin Kaohsiung da ta riƙe shekara 20 ya kuɓuce. A Janairun 2019 Lai ya ajiye aiki.

Bayan wata biyu ya fito ya ƙalubalanci Tsai a zaɓen fid da gwani, ita da ta naɗa shi. Ta kayar da shi a watan Yuni. Abin da nake yaba masa a nan, bai fice ya kafa tasa jam'iyya ba, ya karɓi takarar mataimaki, suka ci a 2020 da ƙuri'a sama da miliyan takwas. Ya iya haƙuri da 'yan gidansu. Da 'yan waje ne lissafin ke ƙi.

Ranar da aka zaɓe shi shugaba, a ranar jam'iyyarsa ta rasa rinjaye. Cikin kujeru 113, KMT ta samu 52, DPP 51, TPP takwas, biyu 'yan ba-ruwana masu bin KMT. Kujeru takwas ɗin nan su ne mabuɗi, kuma suka tafi wajen KMT. An rantsar da shi 20 ga Mayun 2024, kwana uku bayan nan jiragen yaƙin Sin suka kewaye tsibirin da sunan atisaye, a cikin gida kuma 'yan adawa suka zartar da dokokin ƙara wa majalisa iko. Kotun tsarin mulki ta soke mafi yawansu a Oktoba. Majalisa ta rama: da wa'adin alƙalai bakwai cikin 15 na kotun ya ƙare, ta ƙi amincewa da duk waɗanda ya kawo, sau biyu. Ta zaftare kasafin 2025. Ta kuma gyara dokar rabon kuɗi ta yadda kaso mai tsoka zai bar gwamnatin tsakiya ya koma garuruwa, gwamnatin tsohon magajin garin Tainan kuwa ta tsaya tana cewa bai yiwuwa. Na san nan za ka yi dariya.

Ba na wanke 'yan adawa, wasu matakan nasu neman shaƙe gwamnati ne kawai. Amma dubi maganin da aka nema. Ƙungiyoyin farar hula suka tattara sa hannu don yi wa 'yan majalisar KMT kiranye, Lai a matsayinsa na shugaban jam'iyya ya mara musu baya. Dabarar Tainan ce aka faɗaɗa: a tsallake zauren a je wurin jama'a. Ranar 26 ga Yulin 2025 aka kaɗa ƙuri'a kan mutum 24, babu ko ɗaya da ya faɗi. A 23 ga Agusta aka gwada wasu bakwai, su ma duk suka tsira. Mazaɓun nan na Taipei ne da Taoyuan da Taichung da Hualien da sauransu, wuraren da suka zaɓi KMT da idonsu buɗe shekara ɗaya da rabi kafin nan, ba su ga dalilin da zai sa su janye ba.

Saboda haka, Honarabul, ina nan kan bakata cewa mulkin gari a Taiwan rariya ce mai kyau. Kafin mutum ya nemi ƙasa an ga yadda ya riƙe kuɗi, an ga inda yake tsayawa ranar annoba da ranar rushewar bene, kuma Lai ya wuce wannan tantancewa ba tare da an kama shi da hannu cikin baitulmali ba, abin da ba za a ce game da Chen Shui-bian ba, wanda ya sauka a 2008 ya zarce kurkuku. Inda na bi ka shi ne wane gari mutum ya riƙe. Da Taichung ya mulka, inda jam'iyyun biyu ke karɓe kujerar daga hannun juna, da dole ta koya masa ciniki tun da wuri. Tainan ta ƙaunace shi har ta sangarta shi.

Nuwambar 2026 aka tsayar domin sake zaɓen magadan gari da kansiloli, zaɓen shugaba kuma sai farkon 2028, kuma har lokacin da wannan majalisar zai zauna, da Han Kuo-yu a kujerar kakaki, mutumin da ya ƙwace musu Kaohsiung a 2018. Kowane kasafi da kowane alƙali sai ya bi ta hannunsu. In ka sake bugowa shirin, ka taimaka ka bugo da wuri, ina son jin yadda kuka yi da ciyaman ɗinku lokacin da ba jam'iyyarku ɗaya ba.

Wassalam.

Ƙaninka,
mai sharhin harkokin Asiya na shirin.