Godiya ga gidan renon yara na unguwarmu, Yantala

Zuwa ga Hajiya shugaba da tantoci masu renon yara da ke aiki tare da ita, assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin aikinku ba kasafai ake ambatonsa ba sai in wani abu ya ɓaci.

Doka ta ba ma'aikaciya mako 14 na hutun haihuwa a Nijar. Da nawa ya ƙare, ɗiyata ko zama ba ta fara ba, kuma ni da maigida ba mu da kowa a Yamai, danginmu duk suna Tawa. Shawarar da aka yi ta ba ni ita ce in aika ƙauye a kawo mini yarinya ƴar reno. Zuciyata ta ƙi. Yarinya ƴar shekara 10 ita ma reno take buƙata, wurinta kuma lakol ne. Ku kuka hutar da ni daga ɗaukar wannan alhaki.

Nonon da nake tatsa da asuba, kuna rubuta sunan ɗiyata a jikin kwalba, ku ɗumama shi cikin ruwan ɗumi in lokaci ya yi. A zafin Afrilu, ranar da aka ɗauke wuta, na tarar da tanti zaune a tabarma da mafici a hannu, goyo a baya, tana bin yaran da ke barci ɗaya bayan ɗaya da fifita, ita kuwa gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Ba ta san zan shigo ba. Da damina kuwa kowane yaro cikin gidan sauro yake kwana, kuma ku ne kuka tuna mana lokacin da ake raba wa ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ran da jikin ɗiyata ya yi zafi, ba ku jira yamma ba, kuka kira ni nan take.

Yanzu har Zabarmanci take kwaɓawa, wanda ni uwarta ban iya sosai ba.

Hajiya, ina da roƙo guda. In an tashi ƙara kuɗin wata, a fara da albashin tantoci. Masu wanke kashin ɗan wani ba tare da ɓata fuska ba sun cancanci fiye da abin da suke samu, ni kuma a shirye nake in biya.

Allah Ya raya muku naku, Ya saka da alheri.

Wata uwa, ma'aikaciya a Yamai