Fursunan yaƙi ba kayan jingina ba ne

Malam Edita,

A ba ni ɗan fili kan musayar fursunonin yaƙi. Sashe na 118 na Yarjejeniyar Jeneba ta uku, ta 1949, ya fito ƙarara: da zarar an daina faɗa, a sake su su koma gida ba jinkiri. Bai ce sai an ƙirga kai da kai ba. Ni a wurina, riƙe su don ciniki garkuwa da mutane ne, ko gwamnati ce ta yi.

Dubi Iran da Iraƙi. An tsagaita wuta a 1988, babbar musaya sai 1990, wasu kuwa sai 2003. Saurayi ya dawo da furfura, ya tarar an raba gādonsa.

Naku,
Wani mai karatu