Wasiƙa daga Agege

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya mutanen Zariya? Mu nan sai godiya, in ban da zafi da cunkoson motoci.

Ka tambaye ni abin da ya sami tukunyar uwargida. Ka san mun fara haɗa sabulu a gida. To ranar farko, don rashin sani, na jiƙa soda a tukunyar alminiyam. Nan take ta soma tsuwa, kumfa na tasowa, gindinta ya ɗau zafi sai ka ce an ɗora a murhu. Tukunya dai ta tashi daga aiki, ni kuwa na sha faɗa har dare.

Ƙanena mai shirin WAEC ne ya warware mini. Sodar nan a littafinsu NaOH ake rubuta ta. Da ta shiga ruwa, kowace ƙwaya sai ta rabe gida biyu, Na+ da OH-, ruwa ya kewaye kowanne ya hana su sake haɗuwa. Ba ta barin saura. Wannan rabuwa kakaf ita ce ƙarfin nata, ba yawan da ka zuba ba: giram 4 kacal a lita ɗaya ta ruwa na kai 13 a ma'aunin pH, wato ma'aunin da ake gwada ƙarfin irin wannan ruwa da shi, inda tsabtataccen ruwa ke tsayawa a 7. Amoniya kuwa, wani sinadari mai wari da shi ma ke ba da OH- a ruwa, in ka zuba ƙwayoyi daidai wannan adadi, kusan ɗaya cikin ɗari ne ke ba da OH-, sauran suna zaune abinsu. Kanwa ma kaɗan take bayarwa, shi ya sa muke jefa ta a miyar kuɓewa hankali kwance.

OH- ɗin nan shi ke fasa manja ya mai da shi sabulu. Santsin da na ji a yatsuna har ina murna, ashe maiƙon fatata ne ke zama sabulu! Kumfar tukunya kuma iskar haidirojin ce, mai kama wuta, ga risho a kusa. Allah ne ya kiyaye.

Yanzu bokitin roba mai kauri nake amfani da shi, a tsakar gida, da safar hannu. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, don kada ta fantsamo ido.

In sabulun ya gama bushewa zan ba direban motarku sanda shida. Ka gaida Inna da yara.

Naka,
Sani