Zuwa ga amaryar soja mai juna biyu: ki fara da takardar aure

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Tambayar da kika aika wa shirin mata na rediyo, wadda aka karanta aka ce in amsa a matsayina na wadda ta daɗe a gidan soja, ta fi ƙarfin ƴan mintocin da aka ba ni, shi ya sa na ga ya dace in rubuto miki a fili domin masu irin halinki su ma su amfana. Kin ce an ɗaura miki aure da soja a nan Damagaram, ba a jima ba aka tura shi aiki Diffa, yanzu kina da juna biyu, kuma da kika je bariki aka shaida miki cewa sunanki ba ya cikin takardunsa. Kina son ki san daga ina za ki fara.

Ki fara da takardar aure. Auren da waliyyai suka ɗaura a gaban shaidu, aka biya sadaki, aka raba goro, aure ne cikakke a wurin Allah da wurin jama'a, kuma babu mai ja da wannan. Sai dai hukuma ba ta halarci ɗaurin auren ba, abin da ta sani shi ne abin da aka rubuta a rajistarta. Dokar da ke tafiyar da rajistar haihuwa, aure da mutuwa a Nijar, wato doka mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yulin 2019, ta ba da kwana 60 domin a kai sanarwar aure, kuma sanarwar kyauta ce. Idan aurenku bai wuce wannan wa'adi ba, ki je ma'aikatar magajin gari ta gundumar da aka ɗaura shi, daga cikin gundumomi biyar na birnin nan, tare da katin shaidarki da waɗanda suka shaidi auren. Idan kuwa ya wuce, kamar yadda nake zato tunda har ciki ya bayyana, to sai an bi ta kotu alƙali ya yanke hukuncin da ke tabbatar da auren, wanda mutanenmu ke kira jijima, sannan a kai shi ma'aikatar magajin gari a shigar. Hanyar ta fi tsawo, akwai kuɗin tambur da zirga-zirga, amma gara ki bi ta yanzu da sauran ƙarfinki, kafin ciki ya yi nauyi.

Da zarar takardar ta fito, a yi mata kwafi da yawa a buga musu hatimin tabbatarwa, maigidanki ya miƙa ɗaya ga ofishin da ke riƙe da dosiyen sojojin rundunarsa, wato kundin takardun kowane soja. Shi ne mai dosiyen, don haka daga hannunsa ya kamata buƙatar ta fito, ko da ta hanyar abokin aikinsa ne mai dawowa hutu. Duk wani haƙƙi da ke bin iyalin soja, daga kulawar asibiti zuwa kuɗin iyali, yana rataye ne da wannan shigarwa. Akwai kuma abin da ba mu son ambatawa, amma wajibi ne in faɗa miki tunda kin san inda mijinki yake aiki. Idan ta Allah ta kasance, hukumar CARENI mai biyan fansho za ta nemi takardar aure kafin ta san ke matarsa ce. Na ga matan da suka fito daga takaba suka shiga neman shaidun auren da aka ɗaura shekara da shekaru, alhali waliyyin ya rasu, limamin ma ya rasu. Wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa neman takarda rashin yarda da miji ne ko kiran mugun abu. Idan uwar mijinki ta nuna rashin jin daɗi, ki yi mata bayani cikin ladabi cewa jikanta ake yi wa tanadi.

Ki kula ƙwarai da yadda ake rubuta sunaye. Sunayenmu ana rubuta su ne da ƙa'idar Faransanci, kuma kowane magatakarda da irin hannunsa: a wata takarda Aïchatou, a wata Aïssata, a nan Mahamadou, a can Mamane. A gida duk mutum ɗaya ne, a ofis kuwa mutum biyu ne, kuma harafi ɗaya ya isa a mayar da dosiye baya har sai an koma kotu an gyara. Ki ɗauki rubutun da ke kan takardar haihuwarki da ta mijinki, ki rubuta shi da manyan baƙaƙe a ƴar takarda, ki miƙa wa duk wanda zai cike muku wani abu, kuma kada ki bar gaban teburinsa sai kin karanta abin da ya rubuta, ko kin sa an karanta miki.

Awon ciki ba ya jiran kowace takarda. Tun shekarar 2006 gwamnati ta mayar da shi kyauta a cibiyoyin lafiyarta, haka ma jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, don haka ki je likitar unguwarku a buɗe miki karne, wato littafin awo, a ba ki maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin sauro, a yi miki allurar tetanus. Karnen nan ki riƙe shi da kyau, shi ungozoma za ta fara tambaya ranar naƙuda.

Takardar haihuwar jariri ita ce inda matan sojoji suka fi yin tuntuɓe, domin al'ada ta saba uba ne ke zuwa, uban kuwa yana daji. A nan ma wa'adin kwana 60 ne, kuma ke ko wani daga cikin dangi kuna iya kai sanarwar, ba sai uban ya zo ba. Ki lissafa da kanki: kwana bakwai a yi suna, a shiga wankan jego har arba'in, ana fitowa saura kwana ashirin kacal, su ma yawon arba'in ya cinye su. Saboda haka tun yanzu ki zaɓi mutum ɗaya, wanki ko ƙanin mijinki, ki ɗora masa wannan aiki washegarin suna, kuma ku daidaita da maigida ta waya a kan sunan da za a raɗa da yadda za a rubuta shi, domin akwai wuraren da sojoji ke kwana da kwanaki babu layi. Idan za ki tafi goyon ciki gidan iyayenki, a ce Mirya ko Magarya ko Matamaye, ki sani cewa a gundumar da aka haihu ake yin rajistar, ba a inda kuke zaune ba. Sannan ƴar takardar da ake cikewa a ɗakin haihuwa sanarwa ce kawai. Ainihin takardar haihuwa sai an koma ma'aikatar magajin gari an karɓo, kuma da yawa suna can jibge ba a zo ɗauka ba, sai ranar da yaro zai zauna jarrabawa ko zai nemi takardar zama ɗan ƙasa hankalin iyaye ya tashi. Ko da ta auren ba ta fito ba tukuna, kada ki bari ta jariri ta makara saboda ita. In ta jaririn ta fito, a kai kwafinta dosiyen uban kamar yadda aka kai ta aure.

In maigida ya samu hutu, ko na kwana uku ne, ki roƙe shi ya ware safiya ɗaya domin takardu. Ya bar miki kwafin katinsa na soja da lambarsa ta aiki, da sunan rundunarsa, da lambar wayar wani na gaba da shi da za a iya nema, sannan ya rubuta miki takardar wakilci a buga mata hatimi, domin ki iya karɓar abin da sai da sa hannunsa ake bayarwa. Ki zuba su duka a jakar leda mai zip saboda damina da gara, ki ɗauki hoton kowace a wayarki, kuma asalin takarda kada ki bar shi a hannun kowa. Kwafi ake bayarwa, asali nunawa ake yi a dawo da shi.

Allah ya sauke ki lafiya, ya dawo miki da maigidanki lafiya.

Yayarki, matar tsohon soja,
Damagaram.