Wasiƙa daga Obalende: kafin ka biya kuɗin keken nan

Obalende, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya sa mu gaba, yau kwana uku ke nan ban fitar da keke daga ɗaki ba.

Saƙonka ya iso, har da hoton keken da kake ciniki. Na ɗauki waya zan yi maka saƙon murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da likita ya faɗa maka game da hawan jini ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mu da muke karɓar hayar keken Raleigh a Tudun Wadar Zariya, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar saboda ba mu kai sirdi ba, yau ga shi an fara lissafa mana gishirin miya. Na ji daɗi da ka tuna da keke. Amma don Allah ka dakata, kada ka biya kuɗin wannan.

Keken yana da kyau, ban musa ba. Sai dai na ƙara girman hoton na ga lamba 58 a jikin firam ɗin, wato girman keken ke nan. Ni da kai tsayinmu ɗaya, kuma 54 nake hawa. Kekena na farko a nan Legas irin wannan kuskuren na yi: na ga tokunbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai sheƙi, mai kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, na biya ban gwada ba. Wata huɗu ina miƙa hannu kamar mai ɗauko kaya daga saman kanta. Wuya ya riƙe, ƙugu ya riƙe, yatsuna biyu suna mutuwa duk lokacin da na wuce awa ɗaya. A ƙarshe da asara na sayar. Sannan wannan naka firam ɗinsa kabon ne, wato wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba, kuma na hannu. Kabon idan ya taɓa faɗuwa yana iya tsagewa a ƙarƙashin fenti, ido ba ya gani, sai ranar da ya buɗe da kai a kan kwalta. Ka nemi na alminiyam wanda ya yi daidai da jikinka, mai giyar kamfanin Shimano, ko samfurin Sora ko Tiagra, idan Allah ya hore samfurin 105. Kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Faifan gaba ya zama mai haƙora 50 da 34, na baya ya kai 32, don ka sami giya mai laushi ranar da iskar hunturu ta tare ka a hanyar Shika.

Idan ya zo hannu, ka fara da sirdi. Ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. Nan ne tsayinsa. Yawancin ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke, sirdi ne ya yi ƙasa.

Taya kuwa, ka sa mai faɗin milimita 28. Da ina hawa 23, ina dura mata iska har ta zama kamar dutse, ina ganin hakan ne gudu. Titin Legas ya koya mini. Yanzu 28 nake sawa, iska wajen 75 a ma'aunin famfo, kuma ban ga gudun da na rasa ba, sai jijjigar da ta ragu. Kada kuma iskar ta yi kaɗan. Wata Asabar a wajen Ajah na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, gargaren ya matse tiyub ya yi masa huda biyu a jere kamar saran maciji. Na tura keken zuwa wurin mai faci, sai ga shi bakin injinsa ba ya kama siririn bawul ɗin irin kekunanmu. Tun ranar ba na fita sai da tiyub biyu, ƙaramin famfo, da ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa bawul ya shiga injin mai faci. Kai da kake ƙasar ƙaya, wannan ya fi zama dole a kanka.

Hular kwano ba zan tsaya roƙonka a kanta ba, ka saya rana ɗaya da keken. Haka fitila, fara a gaba, ja mai walƙiya a baya.

Na san abin da kake jin nauyin tambaya, don ni ma ya dame ni: wandon. Gaskiya matsattsen wandon nan mai soso a ciki yana da amfani, shi ke hana gogewa da ƙuraje idan tafiya ta yi nisa. Amma ni ban iya ratsa unguwa da shi haka, in wuce dattawa a ƙofar masallaci ba. Abin da nake yi, ina sa shi a ciki, in ɗora wani sakakke mara nauyi wanda ya rufe gwiwa. Abokan hawana sun tambaya sau ɗaya, na yi musu bayani, magana ta ƙare. Takalmi mai maƙalewa a feda kuma ka bar shi tukuna, sai ka yi wata shida.

To, ga abin da ya sa na ce sai na rubuta. Ka ce ka ga mutane suna sa lambobi a Strava, manhajar waya da masu keke ke ajiye lissafin tafiyarsu, kana so ka san wacce za ka bi. Shekarata ta farko gudu kawai nake kallo. Akwai gadar da ta haɗa Ikoyi da Lekki, wadda aka buɗe a 2013, tsawonta bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, amma a garin da babu tudu ita ce tudunmu. Kullum sai na haye ta da iyakar ƙarfina don in ga ko na rage daƙiƙa biyu. Na dawo gida a gajiye, in wuni ina hamma a shago, dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Wata shida gudun bai ƙaru ba, ni kuma na fara jin tsoron ƙarar agogon asuba.

Wani dattijo Bayerabe da muke hawa tare, Baba muke ce masa, ya haura sittin, shi ya ja ni gefe wata rana. Ya ce in sayi ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, in yi wata biyu ban bar bugun ya wuce 135 ba, ko da kowa zai wuce ni. Ka san halina, abin ya yi mini ciwo. Makon farko har masu kai burodi suna wuce ni a titin Bourdillon da ke Ikoyi. Amma na daure. Cikin wata na uku sai na lura da abin da ya ba ni mamaki: a bugun 135 ɗin nan da nake yin kilomita 23 a awa, na koma yin 27, kuma ina sauka da sauran ƙarfi a jikina. Bugun zuciyata na safe, kafin in tashi daga shimfiɗa, ya sauko daga 78 zuwa 61. A duk lambobin da na'ura ke nuna mini, wannan ta safen ce na fi yarda da ita. Ranar da na ga ta ɗaga da bakwai ko takwas, na san ko dai gajiya ce ko zazzaɓi na tafe, sai in huta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tafiya a hankali mai tsawo ita ke sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, tsoka kuma ta ƙara ƙananan hanyoyin jini, ta saba ƙona kitse. Masu horarwa suna kiran wannan mataki na biyu, wato wajen kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na iyakar bugun zuciyar mutum. Za ka ji ana cewa a cire shekarunka daga 220 a sami iyakar. Kintace ne kawai, mutum biyu sa'o'in juna suna iya bambanta sosai. Ma'aunin da ya fi sauƙi yana bakinka: idan kana iya hira da na kusa da kai, jimla cikakkiya ba tare da yankewar numfashi ba, kana inda ya dace. Kwana huɗu cikin biyar ka zauna a nan.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau, don ya shafe ka kai tsaye. Akwai magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya da kansu. Idan irinsu aka ba ka, lambar da ɗamara za ta nuna ba za ta yi daidai da wahalar da jikinka ke sha ba. Ka koma wurin likitanka da sunan maganin, ka gaya masa keke za ka fara, ya faɗa maka iyakarka. Kuma duk ranar da ka ji nauyi a ƙirji ko jiri, ka sauka nan take. Ina roƙonka wannan don zumuncin da ke tsakaninmu.

Lamba ta biyu ita ce juyin feda a minti. Mu da muka taso da keke mai giya ɗaya mun saba danna feda da ƙarfi a hankali. Ka sassauta giya, ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90. Ba sai da na'ura ba: ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Gwiwarka za ta huta.

Na'urar auna ƙarfin ƙafa, wadda ke ba da lissafi da wat, na ari ta wani na gwada. Ana yin minti 20 da iyakar ƙarfi, a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na abin da ya fito, shi ne suke kira FTP, wato ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na wajen awa ɗaya. Nawa ya tashi wajen 200. Na ji daɗin sani, amma kuɗinta ya isa ya saya maka taya da sarƙa na shekara biyu, kuma babu abin da za ta gaya maka yanzu wanda numfashinka bai gaya maka ba.

Zafi shi ne abin da ya bambanta ni da kai. A nan iska jiƙe take, gumi ba ya bushewa, sai ya riƙa ɗiga daga haɓa zuwa kan firam. Bayan awa ɗaya da rabi sai ka ga bugun zuciya yana hawa shi kaɗai alhali gudun bai canza ba, jiki ne ke kai jini fata don ya huce, ruwa kuma ya ragu. A Zariya gumin zai bushe kafin ka gan shi, ka ɗauka ba ka yi ba, sai dai ka ga farin gishiri a riga. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Ni gora biyu nake ɗauka, ɗaya ruwa zalla, ɗaya da ɗan gishiri da sukari, ga dabino bakwai a aljihun baya. Kai dai batun gishirin ka haɗa shi cikin tambayoyin likita. Da azumi kuwa minti 40 kawai nake yi dab da magariba, a hankali, in sha ruwa a ƙofar gida.

Da ma kana nan wata Asabar ka ga abin da ke fitar da ni. Ina idar da sallar asuba in tura keke ta gaban masu shayi, su ne kaɗai suka buɗe, sai masu tsire da ke kwashe tokar jiya. In bi titin Awolowo, in faɗa Bourdillon, fitilun titi ba su mutu ba tukuna. A bakin gada muke haɗuwa, mu goma sha wani abu. Idan ka kai tsakiyarta, ga masu gudu da masu tattaki a gefe, ga masunta a cikin kwalekwale can ƙasa, ruwan lagun ya yi lamo, gari ya yi tsit kamar ba Ikko ba. Wannan rabin awar ita nake jira duk mako. Ƙarfe bakwai da rabi kuwa danfo, motocin bas na haya, sun farka, kuma direban danfo yana tsayawa ne a duk inda ya hango fasinja, ba sigina ba komai. Na koyi kallon hannun kwandasta da mutanen bakin titi fiye da fitilar motar.

Sau uku na je Epe na dawo, tafiyar da ta haura kilomita 140. Ba a yin ta sai cikin ayari. Idan ka fake a bayan wani, tayarka kusa da tasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska ya sauka daga kanka, shi ya sa ake karɓa-karɓa a gaba. Na gaba shi ne idon kowa, shi ke nuna rami da hannu. Bayan Eleko tireloli da tankoki sun yi yawa, idan ɗaya ta wuce sai ka ji iskarta ta ja ka. Can ba na wasa ko kaɗan, kuma kai ma ina so ka guji babban titin Kaduna zuwa Kano, ka nemi inda motoci suka yi sauƙi, kada kuma ka yi nisa da gari kai kaɗai.

Ka ce kana jin abin da mutane za su ce, magidanci kamarka a kan keke. Ni ma an ce. Wani ɗan garinmu har ya same ni a ɓoye yana tambaya ko kasuwa ce ta karye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tambayar ta canza, yanzu nawa na saya ake tambaya. Yaran unguwa kuma na nuna musu Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024, biyu daga cikinsu sun fara bi na ranar Lahadi da kekunansu.

Saura sarƙa. Kada ka bari mai gyara ya zuba mata baƙin mai, ƙura yake kamawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ni mai kauri nake sawa saboda ruwa da iskar teku mai sa tsatsa, kai busasshe ya dace da kai. Ka goge ta da tsumma duk bayan fita biyu.

Yanzu abin da nake so: ka tsaya jikin bango ba takalmi a auna tsayinka, a kuma auna daga ƙasa zuwa matsematsinka, ka turo mini da santimita. Akwai wani keke ƙirar Trek na alminiyam da na gani wurin mai sayar da na hannu, zan koma ranar Talata in duba gargarensa da haƙoransa. Idan ya yi, zan ba direban da ke kawo mana kaya ya taho maka da shi, ɗamarar ƙirjin kuma kyauta ce daga gare ni. Ka fara da minti 30, sau uku a mako. In Allah ya kai mu Babbar Sallah zan zo da nawa, mu fita bayan asuba mu kai Samaru mu dawo.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara, da mutanen majalisa duka.

Wassalam,
Naka har kullum,
amininka na Obalende