A Bar Wa Yara Ƙanana Filin Motsi A Cikin Aji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ba a cika kula da shi ba idan ana batun gyaran makarantu, wato irin kujerun da ake zuba wa yara ƙanana da yadda ake jera su a cikin aji.

Duk lokacin da aka nuna hoton ɗalibai zaune a ƙasa sai hankalin jama'a ya tashi, kuma da gaskiyarsu, domin zama a kan turɓaya ko fasasshen siminti wulaƙanci ne. Sai dai maganin da aka saba kawowa shi ne dogon benci mai haɗe da tebur, wanda kafinta ya auna da tsayin ɗan aji shida, a jera shi sahu-sahu tun daga bakin allo har bangon baya. Na shekara 26 ina koyar da 'yan share fage da 'yan aji ɗaya, na kuma ga abin da wannan benci yake yi wa ɗan shekara 5: ƙafafunsa suna reto ba su taɓa ƙasa, haɓarsa tana kan tebur, kafin a tashi tara ya gaji ya fara gyangyaɗi ko tsokanar na kusa da shi, sai a ce ba ya jin magana.

A wata shekara rufin ajinmu ya yi yoyo, aka kwashe bencinan aka kai gyara, muka yi zango guda a kan tabarmi. Na raba yaran gida huɗu, waɗansu suna ƙirga da murafan kwalba, waɗansu suna gina tukwane da shanu da yumɓu, waɗansu kuma suna ƙera mota da karan dawa. Wata yarinya da ta yi wata uku a bencin baya ban taɓa jin muryarta ba, a nan na same ta tana koya wa 'yan'uwanta yadda ake jera murafai goma-goma. Da aka dawo da bencinan, sai da ƙarti biyu suka kama kowane ɗaya, kuma daga ranar babu sauran wurin da za a yi da'ira.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Tun a 1907 Maria Montessori, wata masaniyar ilimin yara 'yar ƙasar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Roma da ƙananan tebura da kujeru marasa nauyi waɗanda yara suke iya ɗauka da kansu. A 2015 kuma masana a Jami'ar Salford ta Ingila sun duba azuzuwa 153 a makarantu 27, suka gano cewa yanayin ɗakin karatu, tun daga haske da iska har zuwa sauƙin sauya tsarin zama, shi ne sanadin kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban yara a shekara guda. Mu ma ai muna da abin koyi a gida, domin a makarantar allo yara kewaye malam suke yi, kowa da allonsa, kowa a kan nasa darasin, malam kuma yana ganin fuskar kowa.

Na san za a ce ajin da ke da yara 100 ba ya karɓar irin wannan tsari, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a share fage. Cunkoso matsala ce ta gaske, amma benci ƙara ta yake yi, tunda shi ke cinye filin. Saboda haka ina kira ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da cewa idan za su ba da kwangilar kayan zama, su ware na ƙananan aji daban: a gyara daɓe, a sayi tabarmi mai kauri, da gajerun tebura waɗanda yara biyu za su iya ja gefe, da kanta a jikin bango daidai inda hannun yaro zai kai, sannan a tambayi malaman ajin kafin kafinta ya sa zarto.

Wassalam.

Wata tsohuwar malamar firamare, Zariya.